Zari-ruga mai 'yan wasa 13: murƙushe tsakiya ko buɗe wasa, kuma wa kulob zai saya?

A gasar NRL ta Ostareliya da Super League ta Ingila babu kulob ɗin da ke sayen duk wanda ransa ya so. Akwai iyakar albashi, kuma wanda ya tsallake ta yana ɗanɗana kuɗarsa. A 2010 an ƙwace wa Melbourne Storm kambun 2007 da na 2009, Canterbury ta yi asarar maki 37 na teburin gasa a 2002, Parramatta kuma maki 12 a 2016. Saboda haka salon kai hari da cefanen 'yan wasa magana ɗaya ce. Duk kocin da ya ce ga yadda zai kai hari, to ya riga ya faɗa wa mai riƙe da asusu inda kuɗi za su tafi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba: ƙungiya tana da kamu shida ta ci gaba da ƙwallo, wannan jerin shi ne zango ɗaya. Duk sanda aka kayar da mai ƙwallo sai ya tashi ya murza ta baya da ƙafa, ɗan'uwansa ya ɗauka, masu tsaro kuma su ja baya mita 10, ban da mutum biyu da aka yarda su tsaya a gabansa. Kamu na shida na cika ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa ake buga ta da ƙafa bayan na biyar. Dire ƙwallo a bayan layi maki 4 ne, bugun da ke biyo baya maki 2.

Daga nan lissafin yake farawa. Cikin masu tsaro 13, lamba 1 yana baya yana jiran bugu, biyu suna bakin murzawa, saura 10 a layi, faɗin fili kuwa mita 68. Kusan mita 7 ke nan ga kowa. Mai kai hari abu biyu kawai zai iya yi wa mutum goman nan: ko ya sa su makara wajen komawa layi, ko ya sa ƙirgarsu ta ɓaci, wani gefen ya wayi gari da mutum biyu a gaban uku. Hanya ta farko ita ce murƙushe tsakiya, ta biyu buɗe wasa.

Murƙushe tsakiya

Wannan salo cinikin fili ne, mita bayan mita. An bugo muku ƙwallo kusa da layinku. Kamu na farko da na biyu na lamba 1 da 'yan gefe ne, wato 2 da 5, domin a lokacin ƙartin tsakiya suna tafe da ƙafa, ba su ƙaraso ba. Na uku da na huɗu na lamba 8 da 10 da 13 ne. Na biyar ana kai shi inda zai yi wa ƙafar mai bugu daɗi, sannan lamba 7 ya aika ƙwallo kusurwa. Zango mai kyau yakan ci mita 40 zuwa 45 kafin bugun. Abin da ake so daga bugun shi ne ƙwallo ta sauka a ciyawa, ba a ƙirjin lamba 1 na can ba, masu binta kuma su taho a layi ɗaya ba giɓi, a kama shi kafin ya wuce mita 15 ko 20 daga layinsa. In kuna fara zango daga mita 30 su suna farawa daga 10, bayan musaya biyar ko shida wasan ya koma gidansu gaba ɗaya, gajiya ta shiga, sai ƙwallo ta suɓuce wa wani.

Asirin abin yana ƙasa, a wurin kamu. Mai ɗauke da ƙwallo ba ƙirjin mutum yake nufa ba, tsakanin kafaɗun mutum biyu yake nema, don ya faɗi rub da ciki ya tashi nan take. Murzawar da ba ta wuce daƙiƙa 3 ba takan tarar da masu tsaro suna kan ja da baya, kuma idan biyun da ke bakin murzawa ba su daidaita ba, lamba 9, wanda shi ke ɗaukar ƙwallo bayan murzawa, ya zare ta ya kutsa da kansa. Amma in aka riƙe mutum a tsaye, na uku ya zo ya ɗebe ƙafafu, aka kwantar da shi rigingine, daƙiƙa 4 ko 5 sun tafi, layin tsaro ya shirya tsaf, wanda zai ɗauka na gaba bango zai tarar.

Penrith Panthers ta Ivan Cleary ce ta kai wannan salo ƙololuwa, da kambu huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. Dylan Edwards da Brian To'o kan haura mita 200 a wasa daga baya, abin da ke bar wa James Fisher-Harris da Moses Leota ƙarfin da za su fito da gudu a tsaro. Nathan Cleary kuma yana ajiye ƙwallo inda ya ga dama. Wanda zai bi wannan hanya, ga cefanensa: 'yan gefe masu ƙirar ƙarti, ko da ba su ne mafi gudu a gasar ba, lamba 1 mai dogon numfashi, lamba 7 mai doguwar ƙafa, da ƙartin tsakiya biyar ko shida waɗanda ba a ganin bambanci in ɗaya ya fita ɗaya ya shiga.

Batun canji ma yana da nasa lissafin. Tun 2016 sau 8 ake canji a NRL. Fitar da lamba 8 da 10 da dawo da su ya cinye huɗu. Hutun lamba 13 biyu, na lamba 9 ɗaya ko biyu. Me ya rage wa rauni? Shi ya sa ƙaton da zai yi minti 60 ko fiye ba tare da aikinsa ya ragu ba, irin Payne Haas na Brisbane, yake da tsada: ba mitocinsa kaɗai ake saya ba, har da canjin da yake rage wa koci.

Inda salon yake cije wa mai shi wuri uku ne. Na farko, ba ya yafe kuskure. Ƙungiyar da ba ta kammala kashi 80 cikin 100 na zangunanta ba za ta ci cinikin fili ba, ita za a murƙushe. Na biyu, in an ba ku tazarar maki 12 ko 14 saura minti 20, haƙuri bai da sauran amfani. Na uku shi ne mita 20 na ƙarshe. A can masu tsaro ba su da nisan da za su ja baya, lamba 1 nasu ya shigo layi sun zama 11, ƙarfi zalla ba ya fasa su. Kulob ɗin da ya zuba kuɗinsa duka a ƙarti za ka ga ya iso bakin layi sau goma, kowane zuwa karo biyar ne sai bugun sama na neman sa'a.

Buɗe wasa

A nan ana amfani da kamu biyu ko uku na farko ne don kai murzawa wurin da zai raba masu tsaro yadda ake so. In murzawa tana tsakiyar fili, biyar-biyar suke tsayawa. In tana wajen mita 20 daga layin gefe, uku ko huɗu ne a gajeren ɓangare, sauran a dogon. Lamba 1 na masu tsaro shi ke ƙirga yana tura mutane dama da hagu, lamba 9 da 7 na masu hari kuma suna ƙirga tare da shi, suna jiran ya yi kuskuren mutum ɗaya.

Makamin da aka fi amfani da shi shi ne wasan labule. A ce hagu za a kai hari. Ƙirgo masu tsaro daga layin gefe: ɗan gefe, na kusa da shi, sai na uku wanda galibi lamba 6 ko 7 ne, ƙaramin jiki, sai na huɗu ƙaton gefe. Lamba 6 namu ya karɓi ƙwallo ya nufi layi kai tsaye. Lamba 11, ƙaton gefe namu, ya taho da gudu a kusa da shi yana nufin kafaɗar ciki ta na ukun nan, hannuwa a buɗe kamar shi za a ba. A bayansa lamba 1 yana kewayowa. Idan na uku ya tsaya cak ko ya juyo ciki don tarar ƙaton, sai ƙwallo ta bi ta bayan lamba 11 zuwa lamba 1, wanda yanzu yake da mutum biyu a gefensa, masu tsaro biyu a gabansu. Idan na ukun ya yi saurin zamewa waje, gajeriyar miƙawa ga lamba 11 ta wadatar. Idan kuwa kowa ya bi wani ya manta da mai ƙwallo, ya ratsa da kansa. Duk wannan shawara cikin taku biyu ake yanke ta.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne nisan da yake shiga kafin ya saki ƙwallo. Dole ya kai mita 2 ko 3 daga masu tsaro, ƙirjinsa na kallon gaba, ya yarda za a buge shi bayan ya saki. Mai tsoron jikinsa yakan saki tun daga mita 8, masu tsaro su zame gefe hankali kwance, harin ya ƙare a bakin layin gefe. Akwai kuma dokar tare hanya: mai gudun yaudara ba zai tsaya cikin layin tsaro ba, ba zai bangaji ƙirji ko kafaɗar waje ta mai tsaro ba, wanda ke bayansa kuma sai ya wuce kafaɗar cikinsa kafin ya cafe. Kuskuren taku ɗaya, alƙalin bidiyo ya soke direwar. Wannan daidaito ba ya samuwa a mako biyu, shi ya sa kulob ɗin da ke sauya lamba 6 da 7 duk kaka ba ya taɓa ƙwarewa a salon.

South Sydney ta 2021 ta nuna daɗinsa da ɗacinsa. Ɓangaren hagu na Cody Walker da Latrell Mitchell ya ciyar da Alex Johnston har ya dire sau 30 a kakar, ya sake yin 30 a 2022. Amma a wasan ƙarshe na 2021 doguwar jifar Walker ce Stephen Crichton ya tare ya sheƙa da ita, Penrith ta ci 14 da 12. A Ingila, Castleford ta Daryl Powell ta ƙare a saman tebur a 2017 da irin wannan wasa, Greg Eden ya dire sau 38, sannan ta rasa lamba 1 nata kwanaki kaɗan kafin wasan ƙarshe, aka tashi 24 da 6 a hannun Leeds cikin ruwan sama a Old Trafford. Ga kuma Manly: ta sha kashi a wasanni huɗu na farkon 2021 babu lamba 1 nata Tom Trbojevic, ya dawo ta shiga huɗun farko, ya ji rauni a kafaɗa a 2022 ta faɗo daga takwas ɗin da ke zuwa zagayen ƙarshe. Salon yana rataye a wuyan mutum biyu ko uku, kuma su ne mafi tsada a kasuwa.

(Akwai hanya ta uku da Ben da Shane Walker suka gwada a Ipswich Jets: gajeren bugun farawa, gudu a kaikaice, miƙa ƙwallo cikin kamu, duk don a daɗe da ƙwallo a hannu. Sun ci gasar Queensland da ita a 2015, amma babu kulob ɗin NRL da ya yarda ya ɗora kakarsa a kanta.)

Wanne ya fi?

Dokar da aka kawo a watan Mayun 2020, wadda ke ba da sabon zango nan take maimakon tsayar da wasa idan aka yi jinkiri a kan wanda aka kama, ta ƙara wa wasan gudu sosai. A 2021 aka faɗaɗa ta, maki suka yi ta zuba, Melbourne ta ci wasa 19 a jere da maki sama da 800 a kakar. Sai ga zagayen ƙarshe: Penrith ta doke Parramatta 8 da 6, Melbourne 10 da 6, South Sydney 14 da 12. Maki 32 a wasa uku suka kawo kambu, a shekarar da aka ga ruwan maki. A wasannin sili-ɗaya-ƙwale masu tsaro ba sa yin kuskuren ƙirga kamar na tsakiyar kaka, filin da mai buɗe wasa ya saba samu yakan ƙafe.

Duk da haka kada a ɗauka magana ta ƙare. Brisbane ta 2025 ta farko daga 14 da 0 ta fitar da Penrith, ta sake farkowa daga 22 da 12 ta doke Melbourne 26 da 22 a wasan ƙarshe, da gudun Reece Walsh. Ita kanta Penrith a wasan ƙarshe na 2023 Brisbane na cinta 24 da 8, ba cinikin fili ne ya cece ta ba, Nathan Cleary ne ya ɗauki wasan a kansa: ya buɗe wa Leota hanya, ya yi bugun 40/20 (bugu daga cikin mita 40 na gidanka ya taɓa ƙasa ya fita ta gefe cikin mita 20 na abokan hamayya, ƙwallo ta dawo hannunku), ya ba Crichton, ya dire ta ƙarshe da kansa, aka tashi 26 da 24.

Hukuncin dai shi ne salon biyu ba tsararraki ba ne. Wasan labule ba ya aiki sai murzawar da ta gabace shi ta yi sauri, in ba haka ba masu tsaro za su fito su haɗiye mai ƙwallo kafin ya ɗaga kai. Walsh yana gudu ne a filin da Haas da Patrick Carrigan suka share. Murƙushe tsakiya kuwa yana iya kai kulob zagayen ƙarshe shi kaɗai, sai dai a can yana bukatar gwani ɗaya da zai fasa kulli. Saboda haka tsakiya ita ake fara ginawa. Amma fara ginawa daban, zuba mafi yawan kuɗi daban, kuma a nan kulob da yawa suke tuntuɓe.

Inda kuɗin ya kamata su tafi

Iyakar albashin NRL ta shafi manyan 'yan wasa 30, kuma tun 2023 tana tsakanin dala miliyan 11 da 12 na Ostareliya. A ɗauki miliyan 12 don sauƙin lissafi. In mutum huɗu suka ɗauki miliyan guda-guda, saura miliyan 8 ga mutum 26, kusan 300,000 kowa. A ƙara na biyar mai miliyan, to benci zai cika da masu mafi ƙarancin albashi, wanda a 2023 yake 120,000. Kujerun masu miliyan ba su wuce uku ko huɗu ba, tambayar ita ce wa zai zauna.

Amsar tana cikin yawan taɓa ƙwallo. Lamba 9 yakan taɓa ta fiye da sau 100 a wasa, lamba 7 sau 50 ko 60, ƙaton gefe kuwa da ƙyar ya kai 20, kuma sai an ba shi. Gold Coast Titans ta ɗauko David Fifita a 2021 kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura miliyan a shekara. Ya dire sau 17 a kakar farko, babu mai musun ƙarfinsa, amma sau ɗaya kulob ɗin ya shiga zagayen ƙarshe a zamansa, domin ƙaton gefe ba ya iya kawo wa kansa ƙwallo. Wests Tigers ta sayo Api Koroisau da Isaiah Papali'i da John Bateman da David Klemmer don 2023, ta ci wasa 4 kacal ta ƙare a ƙarshen tebur. Ƙarti sun samu, mai jan ragama a 6 da 7 ne bai zauna ba.

Dubi ɗaya ɓangaren. Sydney Roosters tana da Jared Waerea-Hargreaves da Boyd Cordner tun tuni, sai ta kawo Cooper Cronk yana da shekara 34 da James Tedesco a 2018, ta bar Mitchell Pearce ya tafi Newcastle, ta ci kambu biyu a jere. Brisbane ta zo ta ƙarshe a 2020 alhali tana da matasan ƙarti, ta ɗauko Adam Reynolds a 2022 yana da shekara 31, ta ƙara Walsh a 2023, ta kai wasan ƙarshe a shekarar. A duka biyun tsakiya na nan, mai tsara wasa aka saya ya hau kai. Tsufan lamba 7 ba abin tsoro ba ne kamar na ɗan gefe, don ƙafa da ido da baki yake sayarwa.

Sai dai lamba 7 iri biyu ne, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi tsada. Akwai mai tsari, wanda ke faɗin inda kowane kamu zai sauka, ya yi bugun ƙarshe. Akwai mai gudu, wanda ke wasa da abin da idonsa ya gani. Brodie Croft ya sha wahala a Brisbane a 2020 da 2021 da aka ɗora masa jan ragama. Ya koma Salford a 2022 kusa da Marc Sneyd, wanda ya ɗauke masa tsari da bugu, ya zama gwarzon Super League na shekarar. Mutum ɗaya ne, aikin ne ya sauya. Masu gudu biyu tare, kamu na biyar zai riƙa ƙarewa a ruɗe. Masu tsari biyu tare, babu mai tsorata layin tsaro.

Lamba 9 shi ne sayen da aka fi raina wa daraja. Penrith ba ta shiga takwas ɗin farko ba a 2019, ta dawo da Koroisau a 2020, ta mai da Isaah Yeo lamba 13, ta kai wasan ƙarshe. Abin dubawa a lamba 9: jifarsa daga ƙasa ta kai mita 12 zuwa 15 dama da hagu ba tare da ya ɗaga ya yi taku ba, ya san lokacin da zai zari ƙwallo da kansa, ya kuma iya kamu 40 zuwa 50 a tsakiya. Lamba 13 mai iya miƙawa, irin Yeo ko Cameron Murray, shi ne gadar da ke haɗa salon biyu: yana karɓar ƙwallo ta farko, masu tsaron tsakiya su tsaya dominsa, lamba 7 ya matsa waje inda fili yake. Kulob mai ƙaramin ƙarfi da ba zai samu babban lamba 7 ba, wannan kujera ce mafi arha da za ta gyara masa hari.

Kafin a kira wakilin kowa, alƙaluman kakar da ta wuce za su faɗi ciwon. In zangunanku ba sa wuce mita 35 kuma kullum daga cikin rabinku kuke bugu, matsalar 'yan gefe ce da ƙartin tsakiya, kawo tauraron lamba 7 a wannan hali ɓarnar kuɗi ce, baya-baya zai riƙa wasa. In kuna yawan kamu a cikin mita 20 na abokan hamayya amma direwa ta yi ƙaranci, lamba 6 ko 1 ake nema. In mitoci sun yi kyau amma abokan hamayya na fara zango daga 30 ko 35, ƙafar lamba 7 ce da masu bin bugu. In ana ratsa ku ta bakin murzawa a minti goman ƙarshen kowane rabi, lamba 9 ne ya gaji ko benci ya yi rauni.

Saye ko reno

Penrith ta rasa Matt Burton da Kurt Capewell bayan 2021, Koroisau da Viliame Kikau bayan 2022, Crichton da Spencer Leniu bayan 2023, amma ta ci gaba da ɗaukar kambu, saboda ta riƙe Cleary da Edwards da Yeo ta bar na kewaye suna tafiya, matasan yankinta da suka tashi cikin salo ɗaya suna maye gurbi a farashi mai sauƙi. Sai dai wannan hanya tana son yanki mai yalwar yara kamar yammacin Sidni, da haƙurin shekaru. Aikin ya faro ne tun zuwan Phil Gould a 2011, kambu bai zo ba sai bayan shekara 10. Melbourne ta Craig Bellamy, da ba ta da irin wannan yanki, dabararta sauya wa mutum kujera: Cameron Munster da Jahrome Hughes duk lamba 1 ne asali, aka mai da su 6 da 7. Harry Grant kuma aro aka ba Wests Tigers shi a 2020 ya goge kafin Cameron Smith ya yi ritaya.

Mai saye yana da tarkuna nasa. Daga 1 ga Nuwamba ɗan wasan da ya shiga shekarar ƙarshe ta kwantiraginsa yana iya tattaunawa da kowa, wato kulob yakan sa hannu da mutumin da ba zai iso ba sai bayan kaka guda, lokacin da ƙila gwiwarsa ta tafi ko kocin da ya neme shi an sallame shi. Sannan akwai wasanni uku na State of Origin a tsakiyar kaka, karawar jihohin Queensland da New South Wales, masu kwashe gwanayen jihohin biyu daga kulob-kulob. Wanda ya tashi a Ingila ko Niu Zilan ba ya cikin wannan kwasa, abin da ya ƙara wa irin su Hughes da Fisher-Harris daraja, kuma Canberra ta kai wasan ƙarshe na 2019 da 'yan Ingila irin su Josh Hodgson da Bateman da Elliott Whitehead.

A Super League lissafin ya ɗan bambanta. Iyakar ta daɗe a fam miliyan 2.1, amma akwai rangwamen fitaccen ɗan wasa, wanda ba a ƙirga masa fiye da fam 150,000 ko nawa yake karɓa, da kuma ƙayyade yawan baƙi. Wannan rangwame kusan yana tilasta zaɓi: a ba shi ga mai fasa layi, a reni ƙarti a gida. Haka Wigan ta Matt Peet ta yi da Bevan French da Jai Field, ta ɗauki kofi huɗu a 2024. Kakar Ingila kuma tana farawa a Fabrairu cikin sanyi da laka ta ƙare a Oktoba, don haka mai dogaro da buɗe wasa kaɗai yana da watanni a farko da mako biyu a ƙarshe da yanayi ba ya tare da shi.

Tsawon kwantiragi shi ne abu na ƙarshe da za a auna. North Queensland ta ba Jason Taumalolo shekara 10 a 2017, bayan shekara uku dokar sabon zango ta sauya irin aikin da ake so daga ƙaton tsakiya. Ga lamba 7 ko 9 da ya riga ya nuna kansa, shekara huɗu ko biyar ba laifi. Ga ƙaton da ya haura 28, biyu ko uku sun isa. A guji kuma tura kaso mai nauyi na albashi zuwa shekarun ƙarshe don a samu sarari yau, domin in aka so rabuwa da mutum kafin wa'adi, sabon kulob ɗinsa ba zai biya duka ba, ragowar da tsohon kulob ke cikawa kuma cikin iyakar albashinsa ake ƙirga ta, ko da ranar Asabar ɗan wasan yana sanye da rigar abokan hamayya.